Wa Ya Taɓa Birkin Reberan Andrawus?

Baba Didam ne ya fara ganin fitilar. Wannan ba abin gardama ba ne, ko da yake daga baya mutum goma sha sun fito kowa yana cewa shi ne. Direban da ke riƙe da sitiyari bai gani ba. Reberan Andrawus da ke zaune a gefensa da tabarau bai gani ba. Sai tsohon da bai taɓa zama a aji ba, yana tsaye a waje, ya hango ta ta gilashin taga. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin layin dogo da ƙafa daga Kafanchan zuwa Kagoro, da guduma a kafaɗa, yana neman notin da ya kwance. Kububuwa ta sare shi sau biyu, tarago ya taɓa kifewa yana ciki, rikicin garin nan ya ci rufin ɗakinsa, duk ya tashi ya kaɗe wando. Idon da ya tsallake wannan duka, ba wata 'yar fitila ce za ta wuce shi ba.

Ranar Lahadi ce cikin Agustan 1996, an kwana ana ruwa. Ikilisiya ta sayo wa Reberan mota 'yar Beljiyam, wato ta hannu, ƙirar Jamus, ta iso tun ran Litinin. Dattawa suka yanke cewa ba mai tuƙa ta sai an yi addu'ar keɓewa. Shi kansa Reberan da ya tafi taro Jos tsakiyar mako, motar haya ya bi, aka bar sabuwar a gindin mangwaron gidansa.

Bayan sujada aka yi addu'a, aka ɗora hannu a kan bonet, Meshak direba ya tayar da ita don ya zaga harabar coci sau ɗaya. Tayar gaba ta faɗa ramin bakin ƙofa, sai wata fitila ruwan ɗorawa mai haruffa uku ta kama a gaban direba.

"Kai, yaro, wuta ya kama!" in ji Baba Didam.

Meshak ya firgita ya danna birki da dukan ƙarfinsa. Tayoyin suka kulle a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, motar ta zame a hankali, cikin natsuwa kamar amarya, ta je ta sami tukwanen kiɗan Zumuntar Mata da aka jera a gefe. Uku suka fashe. Babbar cikinsu, mai murya kamar ta bijimi, ta Mama Afiniki ce, matar Reberan.

Ba wanda ya ji ciwo. Amma kafin a gama tsince kasake, Mama Afiniki ta riga ta gama shari'a.

"An taɓa birki! Wani yana so ya kashe mani miji. In da a gangaren Kagoro ne fa? Wa ya taɓa motan nan a satin nan?"

Kowa ya san amsa. Lawal Riwaya, mai gyaran wutar mota, wanda rumfarsa ke jingine da katangar coci shekara ashirin, shi aka kira ran Laraba ya haɗa rediyo. Sunan yana fita, samari suka fara duban katanga.

Baba Didam ya dubi samarin. Ya san garin nan. Ya taɓa ganin magana da ba ta kai wannan ba ta tashi da rana, kafin yamma mutane suna gudu da tabarmi a ka.

Dattijo Shekari ya ɗaga hannu. Tsohon direban roka ne, babbar motar kaya, da ya tuba, yanzu shi ne shugaban kwamitin horo. Duk wanda aka kama da burkutu ko taba ko matar wani, shi ke rubuta sunansa ya tura shi bencin baya, inda zai zauna wata uku ba cin jibin Ubangiji.

"'Yan'uwa, mu bar wa Ubangiji," in ji shi. "Fitila ne kawai. A cire ƙwan, kowa ya huta."

"A cire ƙwan?" in ji Mama Afiniki. "Sai a cire Lawal dai! A kai shi wurin 'yan sanda, a rushe rumfan nan."

Reberan ya share tabarau ya dubi Baba Didam, don kowa ya san in akuya ta ɓata a unguwar, ko an sace doya a gona, shi ake kira ya bi sawu.

"Baba, na ba ka zuwa Laraba da yamma. In ba ka samo komai ba, ba zan iya riƙe mutanen nan ba."

"Laraba ya yi nisa," in ji Baba Didam. "Amma tunda ka bayar, na karɓa."

*

Da sassafen Litinin ya tafi gindin mangwaro inda motar ta yi kwana shida. Ya tsuguna ya karanta ƙasa kamar yadda masu tabarau ke karanta jarida. Sawun taya ya fita ya dawo, sau biyu ba sau ɗaya ba, kuma ɗaya ya girmi ɗaya da kwana uku, don ruwa ya riga ya cinye masa baki. Ya buɗe but ya sa hanci, ya rufe da sauri.

Ya sami Meshak yana wanke tayoyi.

"Meshak, ran Alhamis ina ka je?"

"Ni? Baba, ai ina gida. Kaina yana ciwo."

"Kanka yana ciwo har kasuwar Katsit? Alade nawa ka ɗauka?"

Soso ya faɗi daga hannun Meshak. "Baba, abeg, rufa mani asiri. Ƙanana ne, guda uku, na surukina. Ya ce in ban kai masa ba, in manta da maganan aure. Na wanke but ɗin sau huɗu da sabulu."

"Ka ƙara na biyar. Motan da ba a yi ma addu'a ba, alade ya riga Reberan shiga."

"Amma ban taɓa birki ba, Baba. Na je na dawo, fitila bai kama ba, ko sau ɗaya."

"Har a ramin gadan nan?"

"Har a can."

Baba Didam ya riƙe wannan. Lawal ya yi aikinsa ran Laraba, ran Alhamis mota ta sha ramukan Katsit lafiya lau. Sai dai Meshak ba zai iya tsayawa gaban Mama Afiniki ya ba da wannan shaida ba, sai ya haɗa da aladu, kuma shaidar mai neman tsira da aikinsa ba ta hana rushe rumfa.

*

Lawal yana zaune a rumfarsa, bai buɗe akwatin aiki ba. Tun safe ba wanda ya kawo masa ko tocila. Wani ma ya zana gicciye da gawayi a jikin kwanon rumfar, irin wanda ake yi wa ginin da za a rushe.

"Baba, shekara ashirin," in ji Lawal. "Ni na ja wa cocin nan waya kyauta. Ranar da aka ƙona kasuwa, a ɗakin ajiyar kujerunku na ɓoye kayan aikina. Yau ni ne mai kisa?"

"Bar kuka, gemunka ya yi fari. Gaya mani, mene ne wutan nan?"

Lawal ya gyara zama, don ko ana bin sa da sanda in aka tambaye shi aikin waya sai ya yi bayani. Ya ce haruffan nan uku, ABS, sunan wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da Bature ya sa wa motar. Aikinta ta hana taya kullewa a kan santsi. Kowace taya tana da siririyar waya da ke kai mata labari. In labari ya yanke, ko wuta ta daina zuwa mata, sai ta kunna fitila ta ajiye aiki.

"Birki yana nan daram, irin na kowace mota. Meshak ne ya taka shi kamar yana kashe kunama."

"Wato ba wanda ya yanka birki?"

"Ba wanda ya yanka. Amma je ka gaya wa Mama haka, ka ga."

"Tashi, ɗauko kayanka. Ni ban san waya ba, kai ba ka san sawu ba. Kai ka nuna mani hanya, ni in nuna maka ɓarawo."

*

Mama Afiniki ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Lawal ba zai taɓa motar ba sai ta mutu. Reberan ya leƙo ta taga ya ce a bar shi. Ta ɗauko kujera ta zauna a gabansu da tiren tsintar acca, ido ɗaya a tire, ɗaya a hannun Lawal.

Suka fara da tayar gaba ta dama. Lawal ya shiga ƙarƙashi, sai ya yi kabbara.

"Baba, ga ta! An ci rigar wayar nan."

Mama ta miƙe, acca ta zube. "Ba na faɗa ba? Wuƙa ne!"

Baba Didam ya kwanta a ƙasa, da tsufansa, ya duba. Ya shafa wurin da yatsa. Ya zaro wani guntun igiya daga jikin ƙarfen tayar, ya tsinci 'yan baƙaƙen ƙwayoyi a ƙasa ya jera su a tafin hannu.

"Mama, wuƙan nan yana da haƙori a ƙasa, babu a sama. Kuma yana kashi. Wa ya ɗaure akuya a nan?"

Ta dubi igiyar, ta dubi sama. "Akuyan godiya ne da mutanen Kagoma suka kawo. Ruwa ake yi. A ina zan ɗaure shi, a kan gado?"

Baba Didam ya riga ya fara shirya yadda zai gurfanar da akuya gaban dattawa, sai Lawal ya ɓata masa. Ya sa na'urar gwajinsa a kan wayar, allura ta motsa.

"Riga kawai ta ci, Baba. Cikin wayar lafiya lau. Ba ita ba ce."

Suka bi sauran tayoyin uku, ba komai. Suka buɗe akwatin fis, Lawal ya zare su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a rana, duk lafiyayyu. Aka tayar da mota, fitila ta kama ta mutu, kamar yadda Lawal ya ce haka take yi in lafiya. Suka dubi juna. Meshak ya rufe ƙofa da ƙarfi, ta sake kamawa.

Ana cikin haka Dattijo Shekari ya shigo da lema a hammata.

"Har yanzu kuna wahala? Ni na yi shekara ashirin a kan roka, ba fitila ko ɗaya a gabana, ga ni da rai. Lawal, cire ƙwan nan, in je in roƙi Mama a bar magana."

"Dattijo, in na cire ƙwai na zama mai laifin da ya ɓoye sawu," in ji Lawal.

Dattijo ya yi tsaki, ya jefa alewar mentol a baki, ya tafi.

*

Ran Talata Baba Didam ya dawo da gudumarsa ta Reluwe, wadda ya manta bai mayar ba ranar da ya yi ritaya. Ya naɗe kanta da tsumma.

"Baba, me za ka yi da wannan?" in ji Meshak. "Motan Jamus ne fa."

"Layin da na yi wa aiki na Ingila ne, kuma ya ji guduma. Saurara. Ƙarfen da ya karye, kullum a karye yake. Amma notin da ya kwance, shiru yake yi sai jirgi ya bi ta kansa. Wutan nan yana zuwa yana tafiya. Ba a yanka komai ba, wani abu ne ke rawa. Lawal, zauna ciki ka sa ido. Meshak, tayar."

Ya fara daga baya. Ƙwas, ƙwas, a hankali, yana tafiya taku ɗaya ɗaya kamar yadda yake yi a kan layi. But, shiru. Ƙofar baya, shiru. Ƙarƙashin kujera, shiru. Mama Afiniki tana biye da shi tana cewa in ya lotsa fenti zai sani. Ya zago gaba, aka ɗaga bonet, ya buga gefen inji, shiru. Ya buga kusa da batir.

"Ta kama!" in ji Lawal.

Ya sake bugawa.

"Ta mutu!"

Ya buga na uku don daɗi kawai.

Ya sunkuya ya dubi batir ɗin. Duk cikin bonet akwai dattin tafiyar da aka yi da motar daga Kwatano, amma kawunan batir suna ƙyalli, da sabon cizon sifana a jikin notinsu.

"Lawal, da ka haɗa rediyo, ka kwance wannan?"

"Ban ko buɗe bonet ba."

A bayan batir, a lungun da sai an cusa kai ake gani, akwai wani ɗan akwati mai murfin roba. Lawal ya buɗe, sai ga wani jan fis shi kaɗai, wanda ba ya cikin 'yan'uwansa. Ya zaro shi. An naɗe ƙafafunsa da farar takarda mai ƙyalli, gefenta ya babbake.

Lawal ya riƙe shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. "Wannan fis ya ƙone. Haka yake yi in an juya kan batir, aka sa na dama a hagu. Wani ya naɗe shi don wuta ta wuce, in mota ta girgiza takarda ta saki. Baba, a ce na kashe mutum ya fi mani sauƙi da a ce ni na yi wannan ƙazamin aiki. Ina da fis cike da gwangwani!"

Baba Didam ya warware takardar ya kai hanci. Taba. Takardar cikin kwalin sigari ce.

"To, shi ke nan," in ji Mama Afiniki. "Ba mai shan taba a ikilisiyan nan. 'Yan garejin da ke zama a rumfan Lawal ne."

Baba Didam ya miƙe tsaye. Ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa.

*

Emilia tana da kes a bakin kasuwa, tana sayar da ashana da sukari da sabulu, da abin da ba ta jerawa a gaba in matan zumunta za su wuce. Baba Didam ya zauna a bencinta ya shimfiɗa takardar.

"'Yata, wa ke sayen taba a wurinki?"

"Baba, rabin garin nan. Ba zan kira suna ba, in kashe kasuwana."

"Ban ce ki kira rabin gari ba. 'Yan gareji yaya suke saye?"

"Kara ɗaya. In an yi ciniki, kara biyu. Wani ma rabi yake sha ya maƙala sauran a kunne."

"In kwali ya ƙare, ina takardan ciki?"

"Ina tarawa, ina goge tukunya da shi."

"Wato mai sayen kara ba ya tafiya da takarda. Sai wanda ya sayi kwali ɗungum."

Emilia ta yi dariya. "A wannan zamani wa ke sayen kwali? Mutum ɗaya ne, kuma shi aikin Allah yake yi da shi. Dattijo Shekari. Kowane Asabar yana saye kafin wa'azin kasuwa. Ba ka taɓa gani ba? Yana ɗaga kara ɗaya sama, ya ce ga sandan Shaiɗan, ya jefar ya murje da takalmi. Mata suna guɗa. Ni ma ina guɗa, ai ya biya."

"Wa'azin wannan Asabar fa, yaya ya yi?"

"Kai, Baba, kunnena har yanzu yana ƙara. Tun Ista lasifikan Dattijo yake tari kamar tsohon jaki, batir ya mutu. Amma ran Asabar har kwalabena suna rawa. Sabon batir ya turo a baro, ya rufe da buhu."

Baba Didam ya sayi ashana kwali ɗaya, don kada a ce ya zauna mata a benci a banza.

*

Ran Laraba da ƙarfe huɗu aka taru a ofishin coci. Reberan a tsakiya, dattawa a gefe, Dattijo Shekari da littafin horo a gabansa. Mama Afiniki ta zo da matan zumunta shida da kaskon tukunyarta a ɗaure cikin ɗankwali, shaida. Samari sun cika taga. Lawal ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya a nan, bai shiga ba.

Baba Didam ya ɗauki lokacinsa. Mutumin da ya jira jirgin Fatakwal kwana biyu a Kagoro ba ya gaggawa.

"Mutum huɗu suka taɓa motan nan kafin addu'a," in ji shi. "Lawal ya sa rediyo, rediyo yana magana. Meshak, nasa laifin yana da ƙafa huɗu, shi da Reberan za su yi maganansu daga baya." Meshak ya sunkuyar da kai. "Akuyan Mama ya ɗanɗana waya, bai ji daɗi ba, ya bari."

"Akuya ba mutum ba ne," in ji Mama.

"To, uku da akuya. Na ƙarshe ya ari batir ran Asabar, ya kai kasuwa a baro, ya dawo da shi. Wurin mayarwa ya juya kai, fis ya ƙone. Mutum ne da ya san mota, don ya gano fis ɗin da Lawal ma ya yi kwana biyu bai gani ba. Sai ya yi masa dabaran direbobin roka."

Ya cire hula, ya zaro takardar, ya shimfiɗa ta a kan littafin horo.

Dattijo Shekari ya dube ta, ya gyara murya. "Batir, na ara. Don bishara ne. Ban faɗa ba don dattawa sun hana a taɓa mota, na yi kuskure. Takarda kuwa, kowa ya san ina sayen abin nan don in nuna wa mutane muguntansa."

Matan zumunta suka gyaɗa kai. Mama Afiniki ma ta fara sassautowa.

"Gaskiya ne," in ji Baba Didam. "Ni ban je makaranta ba, ku taimake ni da lissafi. Kara nawa ne a kwali?"

Dattawa suka dubi rufi. Samarin taga suka dubi ƙasa. Wani mawaƙin coci da ke kusa da ƙofa ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Ba wanda yake so a ji ya sani.

"Ashirin," in ji Lawal daga bakin ƙofa. "Ni ba na sha, amma ba ni da bencin baya da zan ji tsoro."

"Na gode. Dattijo, nawa kake takawa a wa'azi?"

"Ɗaya."

"Kowane Asabar sabon kwali?"

Dattijo ya kawar da kai.

"To, ina sha tara?"

Wata daga cikin matan zumunta ta ce "Yesu!" a hankali. Wani saurayi a taga ya fashe da dariya, aka ja shi ƙasa. Dattijo Shekari ya ture littafin horo gefe. Sannan ya sa hannu a aljihun cikin kwat, ya fito da kwalin, ya ajiye a tebur. Saura huɗu a ciki, da alewar mentol biyu.

"Na bar giya, na bar caca, na bar komai a rana ɗaya," in ji shi. "Wannan ne ya ƙi barina. Shekara tara ina taka ɗaya, ina roƙon Ubangiji ya karɓi sauran. In na ce ni na naɗe fis, za a tambayi takarda." Ya juya wajen ƙofa. "Malam Lawal, na ga an zana maka gawayi, na wuce. Wannan ya fi taban muni. Ka yafe mani."

"Na yafe, Dattijo," in ji Lawal. "Amma don Allah, gobe in fis ya ƙone, katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Reberan ya tura masa littafin horo da biro. "Kai ne shugaban kwamiti. Ba mai rubutu a littafin nan sai kai."

Dattijo ya rubuta sunansa da hannunsa, a ƙasan na wani da ya kama da burkutu makon jiya. Ya sa wata uku. Ya dubi Reberan, ya goge, ya mayar shida.

Mama Afiniki ba ta ba da haƙuri ba, don ba ta saba ba. Ta dai tashi ta leƙa taga ta ce duk wanda ya zana gawayin nan, in bai wanke shi kafin duhu ba, ita da shi ne. Washegari aka ga an kai wa Lawal doya biyar da zakara, ba a faɗi daga ina ba. Lawal ya ɗauko jan fis daga gwangwaninsa ya sa, aka tayar da mota, fitila ta kama ta mutu. Baba Didam ya buga guduma sau bakwai a gefen batir, ba ta ƙara motsi ba.

Ran Lahadi Dattijo Shekari ya shigo ya wuce kujerarsa ta gaba, ya nufi bencin baya. Mutum biyar ne a kai, duk shi ya aika su. Na bakin layi shi ne Baba Didam, wanda ke cikin wata na biyu saboda wata 'yar ƙwarya da ya sha a bikin jikarsa, don maganin sanyi. Ya matsa, ya share wurin da hularsa.

"Zauna, Dattijo. Nan ya fi iska. Kuma daga nan kana ganin kowa, ba mai ganinka."

Haka aka yi, ba a ƙara ko gishiri ba. Masu cewa sa'a ce, ko Lawal ne ya yi aikin tsoho ya kwashe suna, Baba Didam yana nan bai mutu ba, gidansa na bayan kwatas ɗin Reluwe, mai jan ƙyaure. Duk mai shakka ya zo bayan an ɗauke ruwa, ya taka ƙofar gidan sau uku, da takalmi ko babu. In tsohon bai gaya masa inda ya fito ba, da abin da ya ci, da abin da yake ɓoye wa matarsa, ya shiga ya ɗauki gudumar ya tafi da ita. Amma ya zo da matar, don a gabanta za a faɗa.